Alƙali Ya Soke, Minista Ya Maimaita: Tarihin Bitar Kotu daga Landan zuwa Legas

A shekarar 1968 wasu makiyayan shanun madara na kudu maso gabashin Ingila suka kayar da Ministan Gona a gaban kotu mafi girma a ƙasar. Kukansu shi ne hukumar da doka ta tilasta musu su sayar wa madararsu tana biyansu farashin da bai duba kusancinsu da kasuwar Landan ba, kuma a cikin hukumar makiyayan sauran yankuna sun fi su ƙuri'a. Doka ta ce ana iya miƙa irin wannan koke ga kwamitin bincike idan minista ya ba da umarni. Minista ya ƙi, kuma daga cikin dalilan da ma'aikatarsa ta bayar har da fargabar kada kwamitin ya goyi bayan makiyayan, a sa shi cikin tsaka mai wuya a siyasance. Alƙalai suka ce doka ba ta san wannan dalili ba, suka umarce shi ya sake duba koken yadda ya kamata. Ya miƙa, kwamiti ya zauna, ya ga makiyaya na da gaskiya. Minista ya karanta rahoton, ya ce ba zai yi aiki da shi ba. Nan maganar ta tsaya.

Wannan ita ce shari'ar Padfield, wadda har gobe ake koyarwa a matsayin babbar nasarar kotu a kan gwamnati. Abin da ya faru a cikinta shi ne abin da lauyoyi ke nufi da bitar kotu: mutum ya roƙi babbar kotu ta duba ko wata hukuma, ko minista, ko ƙaramar kotu, ta yi aikinta cikin iyakar da doka ta shata mata. Ta bambanta da ɗaukaka ƙara. Mai ɗaukaka ƙara yana cewa an yanke hukunci ba daidai ba, a gyara. Mai neman bita kuwa yana cewa wanda ya yanke ba shi da hurumi, ko bai saurare shi ba, ko ya duba abin da bai kamata ya duba ba. Idan ya yi nasara, a mafi yawan lokuta abin da zai samu shi ne a soke matakin, a mayar wa hukumar da fayil ɗinta ta sake. Saboda haka duk wanda ya bi tarihin wannan fanni zai tarar cewa rigimar da ke tsakanin alƙalai da masu mulki ba ta cika kasancewa a kan manyan aƙidu ba. Yawanci a kan ƙa'idojin da ake rainawa take: wa zai shigo, cikin kwana nawa, da wace takarda, kuma me alƙali zai iya umarta in an gama.

Asalin abin ba don talaka aka yi shi ba. Sarakunan Ingila na zamanin da suna da wasu takardun umarni da suke aika wa ma'aikatansu ta hannun kotun da ake kira Bencin Sarki, don su tabbatar ba wanda ya wuce gona da iri da ikon da aka ara masa. Akwai wadda ke cewa ƙaramar kotu ta aiko da rubutaccen bayanin shari'a domin sarki yana son a sanar da shi. Sunanta na Latin, wanda lauyoyin Najeriya ke furtawa sashiyorari, ma'anarsa ke nan. Akwai ta hani, wadda ke tsayar da kotun da ta shiga abin da ba nata ba, kuma kotunan coci ne suka fi shan ta. Akwai mandamus, wato "mun umarta", mai tilasta wa jami'i ya yi aikin da ya wajaba a kansa. Sai habiyas kofus, mai cewa a kawo wanda ake tsare da shi tare da dalilin tsarewar. Da yake takardun na sarki ne, da sunansa ake shigar da ƙarar, talakan da abin ya shafa kuwa mai kawo rahoto ne kawai. Daga nan abubuwa biyu suka samo tushe, kuma suna nan har yau. Ba a fara irin wannan shari'a sai an nemi izinin kotu, kuma ko mutum ya tabbatar da an yi masa ba daidai ba, alƙali na da zaɓin ya hana shi abin da ya nema.

Waɗanda suka fara mayar da makamin sarki ya zama na mai ƙorafi ba salihai ba ne. James Bagg ɗan majalisar garin Plymouth ne mai kaifin harshe, wanda ya addabi magajin gari da zagi, har wata rana ya juya masa baya ya gayyace shi da ya sumbaci mazaunansa. Majalisa ta kore shi. A 1615 Babban Alƙali Edward Coke ya ba da umarnin a mayar da shi, domin rashin kunya bai kai dalilin raba mutum da matsayinsa ba, kuma ko da ya kai, ba a ba shi damar kare kansa ba. Bayan shekara ɗari da 'yan kai Jami'ar Kambirij ta ƙwace digirorin masanin nan Richard Bentley saboda ya raina sammacin kotun jami'a. A 1723 kotu ta ce a mayar masa, kuma ɗaya daga cikin alƙalan ya kafa hujja da cewa ko Annabi Adamu sai da aka tambaye shi kafin a yanke masa hukunci.

Wani abin da ya faru a 1848 yana nuna yadda ƙaramin gyara a takarda ke iya kwance wa alƙali ɗamara. Da yake babbar kotu rubutaccen bayanin shari'a kawai take gani, ikonta na gano kuskure ya dogara ne da yawan abin da aka rubuta. A da, alƙalan unguwa wajibi ne su rubuta tuhuma da shaida da dalili, lauyoyi kuma su bi su da tsifa har a soke hukunci saboda kuskuren da bai taka kara ya karya ba. Majalisar dokoki ba ta hana bita ba. Sai kawai ta fito da gajeren fom wanda ba ya buƙatar a rubuta shaida. Kuskure yana nan, amma babu inda za a gan shi. Ikon soke hukunci saboda kuskuren da ya bayyana a fuskar takarda ya yi barcin kusan shekara ɗari, sai a farkon shekarun 1950 aka tashe shi a shari'ar wani ma'aikacin hukumar asibiti mai suna Shaw da aka yi wa kuskuren lissafin diyyar rasa aiki.

Turawan mulkin mallaka sun shigo da waɗannan takardu Najeriya tare da sauran dokokinsu, kuma ɗaya daga cikin shari'o'in da suka fi tasiri a duk daular daga Legas ta fito. A 1925 gwamnati ta raba Eshugbayi Eleko da sarautar Legas, ta kai shi Oyo, irin abin da sarakunan Arewa da aka kai Lakwaja suka ɗanɗana. Lauyoyinsa suka nemi habiyas kofus, alƙalan Legas suka ƙi shiga maganar. Sau biyu aka je gaban kwamitin shari'a na majalisar sarkin Ingila, wanda shi ne kotun ƙarshe ga ƙasashen mallaka. Zuwan farko, a 1928, a kan tsari ne zalla: idan alƙali ɗaya ya ƙi, shin wajibi ne na biyu ya saurari buƙatar daga tushe? Aka ce wajibi ne. A zuwa na biyu, a 1931, gwamnati ta ce matakin gwamna aikin zartarwa ne da kotu ba ta da ta cewa a kansa. Mai Shari'a Atkin ya amsa cewa babu wani jami'in zartarwa da zai taɓa 'yanci ko dukiyar ɗan ƙasa sai da sharaɗin zai iya kare halaccin aikinsa a gaban kotu. Dokar korar sarakunan da aka tsige ta gindaya sharuɗɗa, kuma kotu ce za ta bincika da kanta ko sun cika: shin mutumin sarki ne a ma'anar dokar, shin an tsige shi, shin al'ada ta wajabta ya bar gari? A wannan shekarar Gwamna Donald Cameron ya bar Eleko ya koma Legas.

Abin mamaki, bayan shekara goma Ingila kanta ta juya wa wannan ƙa'ida baya. A 1941, ana tsakiyar yaƙi, alƙalan Majalisar Dattawa suka yanke a shari'ar Liversidge cewa idan Ministan Cikin Gida ya ce yana da dalilin tsare mutum, kotu ba za ta leƙa dalilin ba. Atkin kaɗai ya saɓa, ya kuma tuna musu da abin da aka faɗa a shari'ar Eleko. Shekarun da suka biyo baya na sanyin jiki ne ga kotunan Ingila.

Sanyin jikin ba daga zukatan alƙalai kaɗai yake ba. Tsarin kansa ya zama sarƙaƙiya. Hanyoyi biyu ne, kuma ba a haɗa su. Wanda ya bi ta tsofaffin takardun sarki, waɗanda dokar 1938 ta mayar da su umarnin kotu, yana da wata shida kacal ya nemi a soke hukunci, ba zai iya tilasta wa hukuma ta fito da takardunta ba, kusan ba a barinsa ya yi wa shaida tambayoyi, kuma ba zai haɗa da neman diyya ba. Wanda ya bi ta ƙarar yau da kullum yana iya neman kotu ta ayyana matsayin doka ko ta ba da umarnin dakatarwa, amma ba zai samu umarnin sokewa ba. Kowace hanya da nata sharaɗin wanda ya cancanci shigar da ƙara. Mutum na iya kasancewa da gaskiya tsantsa ya faɗi don lauyansa ya ɗauki fom ɗin da ba shi ba.

Shari'ar Barnard ta 1953 ta fallasa wannan. An dakatar da wasu leburorin tashar jirgin ruwa ta Landan daga aiki. Doka ta ba hukumar ma'aikatan tashar ikon ladabtarwa, kuma takardun dakatarwar sun nuna kamar daga gare ta suka fito. Leburorin suka shigar da ƙarar yau da kullum, aka tilasta fito da takardu, sai ga shi ashe hukumar ba ta taɓa zama a kan maganarsu ba, manajan tasha ne ya dakatar da su, shi kuwa ba shi da wannan iko. Mai Shari'a Denning ya lura cewa da sun bi ta umarnin sokewa da ba za su taɓa sanin gaskiyar ba, ga shi kuma wata shidan ya riga ya wuce. Ba abin mamaki ba ne da yawancin manyan shari'o'in da suka farfaɗo da bitar kotu a shekarun 1960 suka biyo ta wannan hanya ta gefe.

Ɗaya daga cikinsu ita ce ta kamfanin Anisminic, wanda Masar ta ƙwace masa ma'adinai a Sinai lokacin rikicin Suwez na 1956. Dokar da ta kafa hukumar rabon diyya ta ce ba za a ƙalubalanci hukuncinta a kowace kotu ba. A ƙarshen 1968 alƙalan Majalisar Dattawa suka ce hukuncin da aka gina a kan kuskuren fahimtar hurumi ba hukunci ba ne tun farko, don haka babu abin da wannan katanga za ta kare. Majalisar dokokin Birtaniya ta haɗiye. A Najeriya kuwa, Kotun Ƙoli ta gwada irin wannan ƙarfin hali a Afrilun 1970. Wani kwamitin bincike a Jihar Yamma ya hana Lakanmi taɓa kadarorinsa, ya nemi a soke umarnin, sai gwamnatin soja ta yi doka ta 45 ta 1968 wadda ta halatta ƙwacen ta kuma rufe ƙofar kotu. Kotun Ƙoli ta ce wannan hukunci ne aka saka wa rigar doka, ta rushe shi. Ba a yi wata guda ba gwamnatin Gowon ta fitar da doka ta 28 ta 1970, ta shafe hukuncin, ta haramta tambayar ingancin kowace dokar soja. Hujjar alƙalan Legas ba ta fi ta Landan rauni ba. Wanda ke ɗaya gefen teburin ne ya bambanta. Daga nan rufe ƙofar kotu ya zama sakin layi na dindindin a dokokin soja, har a 1994 gwamnatin Abacha ta hana kotuna bayar da habiyas kofus ga waɗanda aka tsare a ƙarƙashin doka ta 2 ta 1984.

A Ingila gyaran sarƙaƙiyar ya zo a 1977, bayan rahoton hukumar gyaran dokoki na 1976, kuma ta hanyar sauya ƙa'idojin kotu aka yi shi, a sashen da ake kira Oda ta 53. Majalisa ta tabbatar da shi a sashe na 31 na dokar manyan kotuna ta 1981. Aka haɗe hanyoyin biyu suka zama buƙata guda, wadda a cikinta mutum zai iya neman sokewa, hani, tilastawa, dakatarwa, ayyana matsayin doka, har da diyya idan da ma yana da haƙƙinta a ƙarar yau da kullum. Aka ba alƙali ikon ya sa a fito da takardu ko a yi wa shaida tambayoyi idan adalci ya buƙata. A madadin haka aka tsuke lokaci: a zo da gaggawa, kuma ko ta yaya kada a wuce wata uku. Izini yana nan, kuma ba a bayar da shi sai ga wanda ke da isasshiyar alaƙa da batun.

Mece ce isasshiyar alaƙa? A shekara guda, 1981, kotunan ƙoli na ƙasashen biyu suka amsa, kowace ta nufi nata ɓangaren. A Landan, kimanin ma'aikatan wucin gadi 6,000 na maɗaba'un jaridu sun daɗe suna karɓar albashi da sunayen ƙarya, har da na Mickey Mouse, don kauce wa haraji. Hukumar haraji ta yi musu afuwar baya bisa sharaɗin su gyara. Ƙungiyar ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda ba a taɓa yi wa irin wannan sassauci ba, ta garzaya kotu. Ta faɗi, amma alƙalai suka ce ba za a raba maganar cancanta da nauyin zargin ba: in saɓa dokar ya yi muni, ko mai biyan haraji guda ɗaya na iya kawo shi. Wannan ne ya ba wata ƙungiyar sa kai damar kayar da gwamnati a 1994 a kan tallafin fam miliyan 234 na madatsar ruwan Pergau a Malesiya, alhali ba ɗan ƙungiyar da ya yi asarar ko sisi. A Legas kuwa, Sanata Abraham Adesanya ya ƙalubalanci naɗin Mai Shari'a Ovie-Whiskey a matsayin shugaban hukumar zaɓe, Kotun Ƙoli ta ce bai nuna wani haƙƙi nasa na kansa da aka taɓa ba. Shekaru da dama sunan Adesanya ya zama sandar da lauyoyin gwamnati ke korar masu ƙara da ita tun daga zaure.

An ɗan sassauta a 1987. Bayan kisan ɗan jarida Dele Giwa da bam ɗin wasiƙa a Oktoban 1986, Gani Fawehinmi ya nemi mandamus don tilasta wa daraktan gabatar da ƙararraki na Legas ya faɗi matsayinsa: ko ya gurfanar da jami'an tsaro biyu da Gani ke zargi, ko ya rubuta cewa ba zai yi ba don a shigar da ƙarar a ƙashin kai. Kotunan ƙasa suka hana shi ko da izini. Kotun Ƙoli ta ce a sha'anin laifi kowa mai tsaron ɗan'uwansa ne. Izini kawai wannan nasara ta samar, kuma har yau ba a hukunta kowa a kan kisan ba.

Sabuwar hanyar Ingila ma ta zo da nata tarko. Wasu fursunonin gidan yarin Hull da aka rage wa sassaucin wa'adi bayan tarzoma suka shigar da ƙarar yau da kullum, kamar yadda leburorin Barnard suka yi. A 1982, a shari'ar O'Reilly, Mai Shari'a Diplock ya ce tunda an gyara hanyar bita, bin wata hanya don kauce wa izini da wata uku wasa da kotu ne. Aka kori ƙarar ba a ko saurari abin da suka zo da shi ba. Gyaran da aka yi don kada fom ya kayar da mai gaskiya sai ya haifar da shekaru na jayayya a kan wace ƙara ce ta hukuma, wace ce ta ƙashin kai, har sai da alƙalai suka sassauta daga baya.

Wanda ya shiga zauren da ake sauraron irin wannan buƙata zai ga bai yi kama da shari'ar da ya saba gani ba. Ba shaidu a akwati, ba masu taya alƙali yanke hukunci. Takardun rantsuwa ne da muhawarar lauyoyi. Tunda kusan duk bayanan suna hannun hukuma, kotunan Ingila sun ɗora mata wajibin ta baje komai a faifai, har abin da zai cutar da ita, kamar yadda Mai Shari'a Donaldson ya jaddada a 1986. Dalilan da ake dubawa kuwa Diplock ya tattara su gida uku a 1984: saɓa doka, matakin da hankali ba zai ɗauka ba, da rashin bin tsarin adalci. Idan an soke, kotu ba ta sa nata hukunci a gurbin na hukuma sai a ƙunƙuntaccen yanayi: wanda aka soke ya zama na kotu ko kwamitin shari'a, kuskuren na doka ne, kuma ba wani sakamako da zai yiwu sai ɗaya.

Saura tambayar da ta fi kowace nauyi: in gwamnati ta ƙi bin umarnin fa? Najeriya ta riga Ingila amsawa. A 1986 gwamnatin sojan Legas, wadda ta tura jami'ai ɗauke da makamai suka fitar da Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali magana na gaban kotu, ta zo Kotun Ƙoli neman a dakatar da umarnin mayar da shi. Kotun ta ƙi, ta ce wanda ke take umarnin kotu ba zai zo neman alfarmarta ba. A Ingila sai a 1993. Wani malamin makaranta ɗan Zayar, wanda takardun kotu suka sakaya sunansa da harafin M, ya nemi mafaka aka hana shi. A Mayun 1991 aka sa shi a jirgi alhali alƙali ya fahimci an yi masa alkawarin ba za a tafi da shi ba. Cikin dare alƙalin ya ba da umarnin a dawo da shi. Ministan Cikin Gida Kenneth Baker, bisa shawarar lauyoyi cewa kotu ba ta da ikon ba ministan sarauniya irin wannan umarni, ya soke shirin dawowar. Alƙalan Majalisar Dattawa suka yanke cewa kotu na da ikon, kuma an samu ministan da raina kotu a matsayinsa na minista. Mai Shari'a Templeman ya ce karɓar hujjar gwamnati daidai yake da a ce tana bin doka ne don ganin dama, abin da zai warware sakamakon yaƙin basasar Ingila. Shi kuwa M, daga baya lauyoyinsa suka daina jin ɗuriyarsa.

A yau Najeriya na tafiya da tsari biyu. Ƙa'idojin Babbar Kotun Tarayya, a Oda ta 34, sun riƙe samfurin Ingila na 1977: izini, isasshiyar alaƙa, wata uku. Amma ƙa'idojin kare haƙƙoƙin ɗan Adam da Babban Jojin Najeriya Idris Legbo Kutigi ya sa wa hannu a 2009 sun cire izini, sun cire iyakar lokaci, sun kuma hana korar ƙara don rashin cancantar mai shigar da ita. Shi ya sa lauya mai wayo ke ƙoƙarin saka wa kowane ƙorafi rigar haƙƙin ɗan Adam, lauyan gwamnati kuma ya yi ta ƙoƙarin tuɓe ta, ana maimaita rigimar O'Reilly da wani suna.

A Ingila kuwa guguwar ta juya. Tun 2000 aka sauya wa kotun suna zuwa Kotun Sha'anin Mulki, aka ajiye sunayen Latin. Gwamnatin David Cameron ta yi kuka a 2012 cewa buƙatun bita sun tashi daga 160 a 1974 zuwa sama da 11,000 a 2011, ko da yake mafi yawan ƙarin na shige da fice ne da neman mafaka. Ba ta taɓa dalilan bita ba. Lokaci da magani ta nufa. A 2013 aka rage wa'adin ƙalubalantar izinin gine-gine zuwa mako shida. A 2015 doka ta wajabta wa alƙali ya hana magani idan akwai rinjayen zato mai ƙarfi cewa ko da an bi ƙa'ida sakamakon ba zai sauya sosai ba, sai fa in akwai maslahar jama'a ta musamman. Da wannan sharaɗi na nan a 1723, da lauyoyin Kambirij sun samu abin faɗa a kan Bentley.

Gaba ta ƙarshe ita ce ma'anar sokewa kanta. A bisa tsohuwar fahimta, abin da aka soke tamkar bai taɓa faruwa ba ne. Da Kotun Ƙoli ta rushe kuɗin shigar da ƙara a kotunan ma'aikata a 2017, kuɗin da ya kai fam 1,200 ga wasu, sai da gwamnati ta mayar wa mutane abin da ta karɓa tun 2013. Da ta rushe dakatar da zaman majalisa da Boris Johnson ya yi a Satumban 2019, alƙalai goma sha ɗaya baki ɗaya suka ce takardar dakatarwar daidai take da farar takarda, washegari majalisa ta zauna. Gwamnati ta kafa kwamiti, daga nan aka yi dokar 2022 wadda ta ba alƙali sababbin iko biyu: ya jinkirta aikin umarnin sokewa don hukuma ta gyara, ko ya sa sokewar ta shafi gaba kawai ban da baya. Da an yi amfani da na biyun a 2017, da waɗanda suka riga suka biya haramtaccen kuɗin ba su ga ko kwabo ba. Daftarin farko ya so ya sa wa alƙali sharaɗin ya fifita waɗannan sababbin magunguna a duk inda suka wadatar. Majalisar Dattawa ta cire wannan sakin layi, gwamnati ta haƙura, aka bar wa alƙali zaɓi. Dokar ta samu amincewar sarauniya a ƙarshen Afrilun 2022, wannan sashe nata kuma ya fara aiki a watan Yulin shekarar.